Duhu a Hanyar Zuru: Tarihin Wutar Mota da Wurare Huɗu da Take Yankewa

Duk direban da ya daɗe yana jigila tsakanin Kontagora da Zuru ya san irin wannan dare, ko dai ya taɓa samunsa ko ya sami abokin aikinsa. Tsohuwar Peugeot 504 ta baro Rijau bayan magariba, cike da fasinja da kaya, ta faɗa wani rami, sai komai ya ɗauke. Fitilun gaba suka mutu, allon gaban direba ya yi baƙi ƙirin, hon ya yi shiru, inji ya tsaya. Aka murɗa makulli, ko ƙas motar ba ta ce ba. A shekarun baya, asarar ba ta wuce kwana ɗaya a gefen titi da cizon sauro ba. A yau, da 'yan bindiga suka addabi sassan ƙasar Zuru da maƙwabtanta na Neja da Zamfara, tsayuwar rabin awa a daji bayan faɗuwar rana magana ce ta rai da mutuwa.

Wannan lalacewa da ta fi kowacce tayar da hankali, sau da yawa ita ce mafi sauƙin ganowa. Wayoyin mota suna da ɗimbin yawa, amma ba sa tsinkewa gaba ɗaya a daƙiƙa guda. Idan fitila ɗaya ce ta mutu, wuraren zargi suna da yawa. Idan kuwa komai ne ya mutu tare, to laifin yana inda komai ya haɗu, kuma a tsohuwar mota, baya ga batirin kansa, wuraren nan ba su wuce huɗu ba: kan batir, wayar at, babbar mahaɗar wuta, da makulli. Kowane ɗaya daga cikinsu ya shigo mota ne a wani zamani, saboda wani dalili, kuma wanda ya san dalilin ya san inda zai fara kai hannu.

Zamanin da mota ba ta dogara da batir ba

Batir ya girmi mota. Wani masani ɗan Faransa, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid a 1859, sannan Camille Faure ya inganta shi a 1881 har ya zama abin da za a iya ƙerawa da yawa. Har yau, batirin da ke cikin tsofaffin motocin tashar Zuru jikan wancan ne: ɗakuna shida, kowanne yana ba da bolt 2 da ɗoriya, su haɗu su ba da abin da ake kira bolt 12.

Sai dai motocin farko ba su ɗora rayuwarsu a kansa ba. Da yawansu suna samun tartsatsin fulogi ne daga maganeto, wata na'ura mai maganaɗisu da ke haifar da wutarta da kanta muddin inji yana juyawa. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irinta mai ƙarfi a 1902. Fitilunsu na kananzir ne ko na gas. Tayar da inji kuwa aikin ƙarfi ne: a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaban mota a murɗa da hannu. Ford Model T da ta fito a 1908 haka aka fara sayar da ita. Irin wannan mota ba ta san ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba, domin babu wata wuta guda da ta haɗa komai. Amma ƙarfen tayarwar yana da mugun hali: in inji ya yi tutsu ya juyo baya, sai ya karya wa mutum hannu.

Wannan haɗari ne ya sa aka yi maraba da aikin Charles Kettering na Amurka, wanda tsarinsa ya fito a motar Cadillac ta 1912. Kettering ya haɗa abubuwa uku a kan tushe ɗaya: sitata mai juya inji, wutar fulogi, da fitilu, dukkansu suna sha daga batir, dainamo kuma yana mayar wa batirin abin da aka sha. Direba ya huta da karaya, amma daga ranar aka miƙa wa akwati ɗaya ragamar motar duka.

Nan aka haifi wuri na farko. Sitata yana jan wuta mai yawan gaske, fiye da amfiya 100 a ƙaramar mota, don haka dole wayarsa ta zama mai kauri, kuma dole ta kama kan batir tamau. Kan batir dalma ne, ƙarfe mai laushi, ga tururin asid yana cinsa kullum yana barin wani gari fari ko kore. Girgizar hanya ta sassauta shi, garin ya shiga tsakani, wata rana rami ɗaya ya ƙarasa aikin.

Wayar da ba a gani

Wuta ba ta aiki sai ta fita ta dawo inda ta fito. Da a ce kowace fitila za a ja mata waya biyu, ta zuwa da ta komowa, da tagullar da mota za ta ci ta ninka. Masu ƙera motoci sai suka yi dabara: tunda gangar jikin mota ƙarfe ce, aka mai da ita hanyar komowa. Kowace na'ura tana karɓar wuta ta waya ɗaya, ta mayar ta jikin ƙarfe, sannan wata gajeriyar waya mai kauri ta haɗa jikin da ɗaya kan batir, wata kuma ta haɗa inji da jiki, saboda inji a kan roba yake zaune. Waɗannan su ne masu sana'a ke kira wayar at, wuri na biyu.

Amfanin dabarar a fili yake, amma ta mai da ƙusa ɗaya tak ƙofar da duk wutar mota ke komowa ta cikinta. In ƙusar ta yi tsatsa ko wayar ta rube, batir yana nan da ƙarfinsa, wayoyi suna nan lafiya, motar kuwa gawa ce. Wani abin da ya daɗa rikita makanikai a da shi ne, ba a yi ittifaƙi a kan wane kan batir ne zai tafi jiki ba. Yawancin motocin Ingila sun riƙa haɗa kan mai alamar tarawa da jiki har zuwa tsakiyar shekarun 1960, kafin duniya ta daidaita a kan mai alamar ɗebewa. Haka ma ƙarfin batir: motocin Amurka sun koma bolt 12 daga bolt 6 a shekarun 1950, Volkswagen Beetle kuwa sai a 1967.

Ƙasar da jirgi bai je ba

Layin dogo ya isa Kano a 1911, wani reshensa ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa leƙa Zuru ba. Ƙasar Dakarkari, mai duwatsu da rafuka, ta dogara ne kacokan a kan hanyar mota: ta kudu zuwa Rijau da Kontagora, ta yamma zuwa Mahuta da Koko, ta arewa zuwa Daki Takwas. A zamanin Turawa, lokacin da Zuru take ƙarƙashin Lardin Neja, motocin da suka mamaye hanyoyin Arewa galibi na Ingila ne, irin su Bedford da Austin da Land Rover, kuma kayan wutar da yawansu na kamfanin Lucas ne na Birmingham. 'Ya'yan ƙasar Zuru, waɗanda suka yi suna a aikin soja, sun san Bedford da Land Rover tun daga bariki.

Motocin wancan zamani suna da afuwa ga direban karkara. Land Rover ta farko, wadda ta fito a 1948, da magadanta na shekaru masu yawa, sun zo da ƙarfen tayarwa na hannu a ajiye, ko da sitata zai ƙi. Dainamo kuma yana riƙe ɗan maganaɗisu a jikinsa, saboda haka ko batir ya yi sanyi ƙwarai, in yaran mota suka tura ta da gudu a gangara, yakan iya haifar da wutar da za ta tayar da inji. Manyan motoci masu shan gas kuwa, waɗanda famfonsu na ƙarfe ne zalla, ba sa buƙatar tartsatsi ko kaɗan. Da zarar inji ya tashi, ko an cire batir zai ci gaba da aiki har sai an ja wayar kashe shi. Direban irin wannan mota zai iya rasa fitila ya lallaɓa da hasken farin wata ya kai gari. A nan ne al'adar tura mota ta kafu, tare da wasu ɗabi'u da suka dace da zamaninsu, waɗanda daga baya suka zama illa.

Shekarun Fijo

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, abin da ya buɗe kasuwa ga motocin Faransa da Jamus masu sitiyari a hagu. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Shekara guda bayan haka, a 1976, aka mai da Zuru cikin Jihar Sakkwato, inda ta zauna har aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Motar da ta ɗauki ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa a waɗannan dogayen tafiye-tafiye, zuwa Sakkwato da farko, daga baya zuwa Birnin Kebbi, ita ce wadda Hausawa suka raɗa wa Fijo: akori-kura 404 da kuma 504. An fito da 504 a Faransa a 1968, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita.

A wannan zamani ne altaneta ya kori dainamo. Kamfanin Chrysler ne ya fara sa shi a motocin kasuwa a 1960, sauran suka bi. Ya fi dainamo ba da wuta, musamman in inji yana tafiya a hankali, amma yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, yana buƙatar 'yar wuta daga batir kafin ya fara haifar da tasa. Na biyu, a cikinsa akwai wasu ƙananan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, waɗanda ke ƙonewa nan take in an juya kan batir, kuma suna iya lalacewa in an cire batir inji yana aiki.

Yawan wuta ya zo da yawan haɗarin gobara. Babbar wayar da ta fito daga batir takan sauka ne a kan ƙusar sitata, daga nan sauran wayoyi su rarrabu; in ƙusar ta kwance, duk abin da ke bayanta ya mutu. Motocin Japan irin su Datsun da Toyota, da suka yawaita a shekarun 1970 da 1980, sun zo da ƙarin kariya kusa da kan batir: wata gajeriyar waya da aka yi ta musamman don ta narke in babbar waya ta taɓa jiki, wadda daga baya babban fis ya maye gurbinta. Wannan mahaɗa, ko ƙusa ce ko waya mai narkewa ko fis, ita ce wuri na uku. An yi ta ne don ta mutu a madadin motar.

Wuri na huɗu shi ne makulli. A tsofaffin motoci, wutar inji da ta allon direba da ta waifa duk ta cikin 'yan ƙananan tagullan da ke bayan makulli suke bi. Shekara ashirin ana murɗawa safe da yamma, ga tarin makullan gida da na shago suna lilo a jiki, sai tagullan su cinye ko su ƙone, wata rana su saki ana tsakiyar tafiya.

Bayan 1986

A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga Satumbar 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta karya darajar naira a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Abubuwa biyu suka biyo baya. Wanda yake da Fijo ya riƙe ta har tsufa, wanda ba shi da ita ya koma ga motocin hannu da ake saukewa a Kwatano da Legas, waɗanda ake kira Baljiyam ko tokumbo. Da yawan waɗannan motoci sun yi shekaru a titunan Turai da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara, don haka sukan iso da tsatsa a ƙarƙashinsu, a daidai wuraren da wayar at ke kama jiki. Suka zo ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke ƙafar da ruwan batir, ƙurar hunturu ke shiga kowace mahaɗa, ramuka kuma ke kwance kowace ƙusa.

Wannan yanayi ne ya ɗaukaka sana'ar 'yan rewaya, masu gyaran wutar mota, waɗanda galibinsu a rumfar maigida suka koya, ba a aji ba. Da ƙwan fitila ɗaya da guntuwar waya suka raya motocin da masu ƙera su suka yanke wa ƙauna tun tuni, kuma da aikinsu ne kasuwannin ƙauye suka ci gaba da samun mota. Amma rashin kayan gyara ya haifar da wata ɗabi'a: in fis ya ƙone, a naɗa masa zaren tagulla ko takardar azurfa ta kwalin sigari. Aka kuma yi ta rataya wa tsofaffin wayoyi rediyo da ƙarin fitilu da cajar waya, kowanne a feɗe waya a murɗa a naɗe da salatif. Fis da aka naɗe da tagulla ba ya narkewa; ranar da waya ta taɓa jiki, wayoyin motar ne za su narke a madadinsa.

Bin sawun wuta

Gwanin ɗan rewaya yakan fara da tambaya kafin ya taɓa sifana: yaya ta mutu? In fitilu sun yi ta dushewa a hankali, hon ya dishe, waifa ta yi nauyi, sannan inji ya tsaya, to batir ne ya ƙare saboda ba a mayar masa, kuma abin dubawa shi ne fambel da altaneta. In kuwa farat ɗaya komai ya ɗauke, hanya ce ta yanke. In akwai ƙaurin roba, a cire wayar at daga batir nan take kafin a yi komai.

Sai a gwada abubuwan da a yawancin tsofaffin motoci ba sa bi ta makulli: hon, fitilar cikin mota, fitilun gaba. In suna aiki amma allon direba ya mutu, makulli ne ko wayar da ke kai masa wuta. In su ma sun mutu, sai a buɗe bonet a kama kowane kan batir a gwada murɗa shi da hannu. Wanda ya motsa, shi ne mai laifi. A wasu tsofaffin Fijo ma akwai wani kunne a kan batir da aka yi don a yanke wutar motar da hannu, kuma girgiza takan sassauta shi. Garin da ya taru a kan batir ana kankare shi har dalma ta yi ƙyalli; ruwan ɗumi da 'yar kanwa yana kashe kaifin asid ɗin, in dai ba a bari ya shiga cikin batirin ba.

In kawunan suna daram, sai ƙwan gwaji ya yi magana. A ɗora wayoyinsa a kan dalmar batir ita kanta: in bai kama ba, batirin ne ya mutu, wataƙila mahaɗar ɗakunansa ta tsinke daga ciki, abin da girgiza ke haddasawa. In ya kama, a bar waya ɗaya a kan mai alamar tarawa, a kai ɗayar jikin mota, sannan jikin inji. Inda ya ƙi kamawa, at ɗin wurin ce ta yanke, kuma waya mai kauri daga kan batir mai alamar ɗebewa zuwa jikin inji za ta tabbatar da haka, har ta kai mota gari. In at lafiya take, a bi babbar waya gaba, mahaɗa bayan mahaɗa, har inda wuta ta shiga ba ta fita ba. Mai mita yana da ƙarin haske: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 in inji a kashe yake, in yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Idan aka tarar babban fis ne ya narke, ruwa ba ya tsami banza. Sai an nemo wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe kafin a sa wani.

Akwai gado uku na zamanin dainamo da ya kamata a binne. Cire kan batir inji yana aiki don a ga ko caji na yi yana iya kashe altaneta, a motar da ke da kwamfuta kuma ya haɗa da ita. Gwada batir ta hanyar haɗa kawunansa da waya a ga tartsatsi wasa ne da ido, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma yakan fashe ya watsa asid. Tura mota kuwa ba ya maganin hanyar da ta yanke. Ko fasinja sun tura ta har Dabai, in at ta tsinke ko babban fis ya narke, ba za ta tashi ba. Wajen cire batir, a fara da wayar at, wajen mayarwa a ƙare da ita, don kada sifana ta haɗa wuta da jiki.

Motoci irin na 1912 sun zama kayan gidan tarihi, amma tsarin da Kettering ya kafa yana nan a ƙarƙashin bonet ɗin kowace tsohuwar Golf da Toyota da Fijo da ke lodi a tashar Zuru. Ba kowane direba ne zai zama ɗan rewaya ba, ba kuma kowace lalacewa ce ke gyaruwa a gefen titi ba. Sai dai sifana mai lamba 10 da mai lamba 13, da tocila, da ƙwan gwaji, da guntuwar waya mai kauri, duka ba su kai kuɗin man tafiya ɗaya ba. Mafi arha kuma shi ne minti biyu da safe, kafin fasinja su cika: a ɗaga bonet, a murɗa kawunan batir, a ja wayar at a ji ko tana nan daram. Direban da ya saba da haka, yakan gano sakakkiyar ƙusa a cikin tasha da rana tsaka, ga mai shayi a gefe, ga rumfar ɗan rewaya a tsallaken titi.